Jirgin da Ke Ja Hagu

Shekara ashirin da shida Baba Sifana ya yi yana gyaran ƙananan jirage a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, amma bai taɓa zama a kujerar hagu jirgi na sama ba. Kujerar hagu ita ce ta ɗalibi. A ƙasa kam ya sha zama a kanta: ya tayar da inji, ya saurare shi, ya kashe, ya sauko ya sa hannu a takarda, wani ya hau ya tafi ya bar shi yana goge giris a tsumma. Sunan Sifana tun yana sabon ɗauka aka laƙaba masa, don ba a raba aljihunsa da ita. Da furfura ta fito sai aka ƙara masa Baba a gaba.

Makarantar tana da wata ƙa'ida. Ma'aikacin da ya daɗe, in yana so kuma likita ya yarda da lafiyarsa, ana ba shi darasi goma na gwaji. A na goman, babban malami, wanda kowa ke kira Kyaftin, shi zai hau da shi. In ya ga mutum ya iya riƙe jirgi ya miƙe sak, ba hawa ba sauka ba karkata, ya iya hawa da gangarowa da juyawa, sai a bar shi ya ci gaba har ya samu lasisi. In bai iya ba, shi ke nan, ba a maimaitawa. Baba Sifana ya daɗe da sanin ƙa'idar, takardar shaidar karatun boko da ake buƙata ce ba shi da ita. Sai da ya yi shekara huɗu yana zuwa ajin yamma na manya, yana lissafi da fensir har yatsunsa su ƙage, kafin ya haɗa abin da ake nema. Yana da shekara hamsin da uku ranar da ya fara darasin tuƙi. Yau darasi na bakwai, kuma har yanzu jirgin bai taɓa miƙe masa ba.

"Baba, fiffikenka na hagu."

Muryar malamarsa ce a cikin abin kunne. Tana kujerar dama, hannayenta a kan cinya. Shekara tara da suka wuce ta zo makarantar tana ɗaliba, shi ya nuna mata yadda ake duba man inji ba tare da an ɓata hannun riga ba. A ƙasa yana ce mata 'yata. A sama kuwa Malama ce, bakinsa ba ya iya faɗin wani abu daban.

Ya murza sitiyarin dama kaɗan, fiffiken ya ɗago.

"Na gani, Malama."

"Ba ka gani ba, ni na gaya maka. Dubi waje. Ka ga layin can inda sama ta haɗu da ƙasa? Ajiye hancin jirgin kamar yatsa huɗu a ƙarƙashinsa, kada layin ya kwanta ta kowane gefe. In ya zauna, ka ƙyale shi."

Ya ajiye, ya ƙyale. Suna ƙafa dubu uku sama da gonaki, iska kwance, ba ko gargada. Minti ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ya kama hanya. Kafin na uku ya cika, layin ya kwanta, tsaunin da suka nufa ya zame ya koma ta dama.

"Baba."

"Na'am. Ya sake."

"Sassauta hannu. Ba noti kake ɗaurewa ba. Yatsa uku sun isa."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sauran abubuwan ba su gagare shi ba. Hawa ya iya. Ɗan wilin nan da ake juyawa don ya ɗauke wa hannu nauyin hancin jirgi, wanda ke wahalar da ɗalibai, shi tun darasi na uku ya kama shi, don ya san igiyar ƙarfen da yake ja da inda ta ƙare. Ko tuƙa jirgi da ƙafa a ƙasa, da direbobin mota ke ta murza sitiyari a banza kafin su saba, bai ɗauke shi kwana biyu ba. Miƙewa ce kawai, abu mafi sauƙi a littafi, ta ƙi.

Da suka sauka Malama ta wuce ofis. Shi ya tsaya yana zagaya jirgin, hannu a baya. Ya tsuguna ta gaban farfela ya auna fiffike biyun da ido. Ya matsa taya. Ya koma baya ya kaɗa jelar jirgin. Ruwa ba ya tsami banza, ya ce a ransa. Mutum ya riƙe abu da yatsa uku kamar yadda aka ce, idonsa a waje kamar yadda aka ce, abu ya riƙa gudu gefe ɗaya kullum, ba dama ba sai hagu? In hannu ne, ai da wata rana ya ɓata ta dama.

A bakin rumfar jirage akwai tebur, a kansa littafin matsala. Duk wanda ya ji wani abu a jirgi nan yake rubutawa, kuma da zarar an rubuta, jirgin ba ya sake tashi sai an duba an rufe maganar. Shekara ashirin da shida Baba Sifana yana karanta rubutun mutane a shafin hagu yana ba da amsa a shafin dama. Ranar ya ɗauki biro ya rubuta a na hagu: Yana ja hagu a sama. A duba.

Jirage uku makarantar ke da su. Ɗaya an cire injinsa yana kan teburin gyara. Washegari da safe ɗalibai huɗu suka zo suka tarar an hana jirginsu tashi, suka jeru a benci a inuwar rumfa, jakunkuna a kan gwiwa, suna kallonsa.

Ya buɗe murafen ƙarƙashin fiffike. Ya sa ma'auni a igiyoyin da ke karkata jirgi, ɗaya bayan ɗaya: daidai. Ya auna kusurwar faifan bayan kowane fiffike, sama da ƙasa: daidai, ko rabin digiri babu. Ya zura sanda a tankin dama da na hagu ko mai ya fi yawa a gefe guda: kai ɗaya. Ya ɗora jirgin a jak ya sa ma'aunin ruwa irin na magina: bai karkata ba. Rana ta take, riga ta jiƙe.

Abokin aikinsa, mai gyaran wayoyin lantarki da rediyon jirgi, wanda ake kira Mai Waya, yana zaune a kan akwatin kayan aiki yana shan shayi. Tare aka ɗauke su aiki, don haka ba ya jin nauyin furfurar.

"Direba, an gano ɓarawon?"

"Ba ni tocila."

"Ga ta. Ka leƙa ƙarƙashin kujerar hagu kuwa? Ni ina zargin akwai wani abu mai nauyi da ake ɗorawa a kanta ranar Talata da Alhamis."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya rufe baki da littafi. Baba Sifana ya cusa kai cikin fiffike.

"Ni dai na ce gemu ba ya hana ilimi," in ji Mai Waya, "amma ban san yana jan jirgi ba. Ko ka aske ɓangaren hagu mu gani?"

"Mai Waya, rediyon jirgi na biyu yana ƙara tun makon jiya."

"Ban rubuta shi a littafi ba, shi ya sa yake sama yanzu."

Wajen ƙarfe biyu Kyaftin ya shigo. Dogo ne marar yawan magana, tabarau a rataye a wuya. Ya tsaya a tebur ya karanta shafin, ya daɗe a kan layi ɗayan nan kamar wasiƙa ce. Sannan ya tako.

"Baba, sannu da aiki. Me aka samu?"

"Har yanzu babu, Kyaftin."

"Mutum nawa ke hawa jirgin nan a mako?"

"Goma sha ɗaya."

"Mutum nawa ya ja wa hagu?"

Baba Sifana ya dubi sifanar hannunsa.

"Ba na hana kowa rubutu a littafin nan," in ji Kyaftin a hankali. "Gara a rubuta ƙarya goma da a ɓoye gaskiya ɗaya. In ka gamsu, ka rufe, yaran nan su tashi kafin yamma. Saura uku, Baba."

Baba Sifana ya mayar da murafen, ya ƙirga kusoshi, ya sauke jirgin daga jak. Ya je tebur. A shafin dama, daura da rubutunsa na jiya, da hannu ɗaya da biro ɗaya, ya rubuta: An duba, ba a samu komai ba. Ya sa hannu. Da zai wuce ta gaban bencin ya tsaya ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana, na ɓata muku rana." Suka ce babu komai, Baba, suna ta tattara jakunkuna.

A darasi na takwas Malama ba ta ta da maganar littafin ba. Sai da suka kai sama, ta karɓi jirgin, ta daidaita shi, ta juya ɗan wilin sau biyu.

"Cire hannunka. Cire ƙafa daga feda."

Ya cire. Ita ma ta ɗaga hannayenta biyu ya gani, ta naɗe su a ƙirji, ta janye ƙafafu. Ya dubi sitiyarin. Ba wanda ke riƙe da komai.

Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa. Wata 'yar iska ta taɓa shi, ya ɗan yi lilo, ya koma da kansa ya zauna. Tsaunin yana nan a tsakiyar gilashi kamar an liƙa shi. Malama ta dubi agogon hannunta, ta bar minti uku suka cika.

"Wa ya daidaita igiyoyin jirgin nan, Baba?"

"Ni."

"To aikinka ya yi kyau. Karɓi."

Ya karɓa da yatsa uku. Minti biyu da 'yan kai, tsaunin ya fara zamewa dama.

Ya ɗago fiffiken, ya mayar da tsaunin tsakiyar gilashi. Laifi tudu ne, ya sha faɗa wa masu koyon gyara in sun zagi ƙarfe. Bai taɓa jin nauyin maganar ba sai yau.

"Ashe ni ne."

"Kai ne. Amma ni ma da laifina, don ban san me kake yi ba. Ina kallon hannunka, ina ganin yana sauka a hankali, ban san abin da ke sauke shi ba. Ba ka matse ba, yanzu kam ba ka matse ba. Tsoro kake ji?"

"A'a. Daɗi ma nake ji."

"To Allah Ya nuna mana. Mu yi juyi biyu mu koma."

Ya isa gida da sauran rana. Gidan ya yi musu faɗi tun da tagwayen 'ya'yansu mata suka tafi karatu, daga shi sai matarsa. Ta ga fuskarsa ba ta tambaya ba, ta kawo masa shayi a falo, ta zauna a ɗayar kujerar tana ninke wanki. Ya riƙe kofin da hagu, don hannun daman ya saba zama da kayan aiki. Ta fara ba shi labarin maƙwabciya da ta sayi labule ya zo bai kai taga ba, ta mayar, mai shago ya ce ai tagar ce ta yi tsawo. Tana cikin bayani firjin da ke lungu ya tashi, ya yi wata 'yar karkarwa kafin ya daidaita.

"Ga shi nan, ya tafi," in ji ta.

"Wa?"

"Kai mana, Baban 'yan biyu. Shekara talatin ina maka magana kana sauraren firji. Ka zubar, ga shi a wando."

Ya duba. Shayi ya ɗiga a gwiwarsa ta hagu.

"Kofin ne ya cika da yawa."

"Kullum kofi ne. Ni ke wanki, bawan Allah." Ta zaro wando daga cikin tarin ta ware masa. "Dubi. Ga wani. Duk wandunanka tabon shayi a ƙafar hagu yake, ta dama fes kamar ba tare kuke yawo ba. Da inji ya yi tari, ko fanka, ko babur a layi, sai ka yi haka." Ta kwantar da kai a kafaɗar hagu, ta lumshe ido, ta saki baki kaɗan. Kafaɗar ta sauka, hannun ya bi ta. "Kamar kaza na kallon shaho."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin a hankali yana kallonta.

"Sake yi."

"In sake me? Wasa ka mayar da ni?"

"Don Allah, Maman 'yan biyu, sake yi in gani."

Ta sake. Ya ga kan ya tafi, kafaɗa ta bi, gwiwar hannu ta sauka, tafin hannu ya juya. Haka yake tsayawa a gefen inji tun yana saurayi, kunnen hagu a ƙasa kusa da murfi, yana neman abin da ma'auni bai nuna ba tukuna. Wanda ya koya masa aiki ma haka yake yi. Ba a taɓa ce masa yana yi ba, don a rumfar gyara kowa ya san abin da ake nufi da shi: a yi shiru, Baba na ji.

"Cika min kofin nan har baki," ya ce. "Ki je bayana, in kin ga na manta da ke, ki kunna fanka."

"Yau na ga ikon Allah. A kan kafet ɗina?"

"Kawo faranti."

Ta kawo faranti ta ajiye masa a cinya. Ya zauna riƙe da kofi, ido a kan bango. Ta bar shi ya daɗe, har ya fara tunanin ko ta fita. Fankar ta tashi da ɗan ƙugin nan nata na wuya. Bai san lokacin da ya yi ba, sai jin ɗigar shayi ya yi a faranti.

"Wannan fankar tana son mai," ya ce.

"Ka ji ba! Shi dai abin da ya dame shi ke nan."

Sai a lokacin ya yi dariya, har kofin ya ƙarasa zubewa.

Ranar darasi na tara, tun kafin su hau ya gaya wa Malama. Ta tsaya riƙe da ƙofar jirgi, ta dube shi, ta dafa goshi.

"Darasi takwas ina gadin hannu, ashe ɓarawon ta sama yake shigowa. Ka gaida min Mama, ka ce ta zo ta karɓi aikina."

A sama ta juya kujerarta kaɗan tana kallon kansa, ba hannunsa ba. Injin ƙaramin jirgi ba ya zama da murya ɗaya. Iska ta taɓa farfela, ƙara ta ɗan canja; an shiga iska mai ɗumi, ta sake canjawa. Sauran mutane ba sa ma ji. Shi kowace ɗaya kiransa take yi.

"Kai, Baba."

Ya miƙe wuya.

"Kai."

Ya miƙe. Cikin minti goma sai da ta faɗa sau shida. Ya gwada toshe kunnensa da tunani, ya riƙa ƙirga gonaki, sai ya ga ya sandare gaba ɗaya, hannu ya koma matse sitiyari, jirgin ya fara hawa da sauka kamar kwale-kwale.

"Ba zai yiwu ba, Malama," ya ce. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba zan iya daina ji ba."

"Wa ya ce ka daina? Kunnen nan da ana ba da aronsa da na riga kowa. Ka ji abinka. Amma in ka ji, ka faɗa da baki, ido na waje. Mutum ba ya iya lumshe ido ya kwantar da kai yana magana. Gwada."

Ƙara ta canja. Ya ji wuyansa zai tafi.

"Iska ce ta bugi farfela," ya ce da ƙarfi, ido a kan layin.

"Madalla."

"Ya koma daidai. Silinda huɗu duk suna ci." Can kuma: "Wannan murfin inji ne, maƙalin dama yana rawa, ba komai ba ne."

Haka suka yi ta tafiya yana ba gilashi labari. Sau biyu kawai ta sake cewa kai, a sauran rabin sa'ar. Da suka sauka ta rubuta a takardarsa, ta daɗe tana juya biro.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Ya gyaru, bai warke ba. Kyaftin yana yarda da kuskuren ƙafa ɗari sama ko ƙasa, da digiri goma dama ko hagu. In ka wuce nan ba ya duba fuska. Kuma duk abin da na sani game da kai sai na gaya masa, aikina ne."

"Ki gaya masa, 'yata."

Ranar Alhamis, ranar darasi na goma, da ƙarfe takwas na safe Kyaftin ya zo da 'yar takarda a maƙale a allo. Ya tsaya gefe Baba Sifana ya zagaya jirgin ya duba komai bi da bi. Mai Waya ya leƙo daga rumfa ya buɗe baki, ya ga fuskar abokinsa, ya ce kawai, "Allah Ya ba da sa'a, ɗan'uwa," ya koma ciki.

Baba Sifana ya tuƙa jirgin da ƙafa har bakin titin tashi, ya nemi izini a rediyo, hasumiyar filin jirgin ta ba shi. Ya tura totur har ƙarshe. Jirgin ya ruga, ya yi sauƙi, ƙasa ta sake su.

"Dubu uku," in ji Kyaftin.

Baba Sifana ya hau, ya kwantar da hanci, ya rage totur, ya juya wili har sitiyarin ya daina nauyi. Aka ce ya juya dama, ya juya. Aka ce hagu, ya juya, ya ji ya ɗan zurfafa, ya rage. Aka ce ya hau ƙafa ɗari biyar, ya gangaro ɗari biyar. Biro na motsi a kan allo, bai kalla ba. Yana ta gunaguninsa ƙasa-ƙasa, kunya ta hana shi ɗaga murya.

"Da wa kake magana?"

"Da kaina, Kyaftin."

"Ci gaba. Ka ga farin tankin ruwan can, bayan kogi? Nufe shi. Dubu uku, kada ta motsa. Zan gaya maka in ya isa."

Ya ajiye tankin a tsakiyar gilashi. Minti ɗaya. Biyu. Uku, inda ya saba ɓacewa, ya wuce. Kogin ya matso, rana na walƙiya a kansa, wasu shanu ƙanana kamar tsaba suna gangarawa ruwa. Hannunsa na dama na kan cinya, yatsa uku na hagu a sitiyari. Ya fara jin numfashinsa na sauka.

Sai muryar injin ta faɗi.

Ba tari ba ne, ba yankewa ba. Ta dai yi ƙasa, ta yi kauri, kamar mai magana an rufe masa baki da mayafi. Shekara ashirin da shida suka taso masa gaba ɗaya. Wuyansa ya tafi, fatar idonsa ta yi nauyi, kuma ta 'yar kafar da ta rage ya ga layin sama ya fara kwanciya, tankin na zamewa.

Ya buɗe baki.

"Ya rage gudu," ya ce da ƙarfi. Kansa ya miƙe da maganar. Ya ɗago fiffiken, tankin ya dawo. "Kamar juyi ɗari ya rage. Ba fulogi ba ne, da ya yi rawa. Ba mai ba ne, da ya yi tari. Iska mai zafi yake sha." Idonsa na kan tanki. "Kyaftin, in ka gama da maɓallin ɗumama kafireto, a mayar min da shi ciki."

"Ka duba ne?"

"Ban duba ba."

"In na ƙi fa?"

"Sai in biya shi abin da ka ɗauke masa."

Ya kai hannun dama ya lalubo totur ya tura kaɗan. Hancin da ya fara sunkuyawa ya ɗago. Sai a lokacin ya saci kallon ma'aunin tsayi, kallo ɗaya ya mayar da ido waje. Ƙafa sittin ya rasa. Ya ja sitiyarin kamar ana taɓa jariri, allurar ta hau a hankali ta koma mazauninta.

Ya ji ƙarar maɓallin an tura shi. Injin ya washe, ya rage totur ya mayar inda yake. Suka wuce ta kan tankin, yana ƙarƙashinsu daidai, bai ga ko gefensa ba ta kowace taga.

"Ya isa. Juya mu gida."

Kyaftin ne ya sauke jirgin, don sauka ba ta cikin darasi goman farko. Baba Sifana ya karɓa a ƙasa ya kai shi gaban rumfa, ya kashe inji. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Suka cire abin kunne. Kyaftin ya sa tabarau ya duba allonsa daga sama har ƙasa.

"Juyinka na hagu yana zurfi. Ƙafarka ta dama tana makara in ana hawa. A rediyo kana gaisuwa da yawa, hasumiya ba surukanka ba ne." Ya juya takardar. "Fiffiken ya faɗi da na taɓa injin."

"Ya faɗi, Kyaftin."

"Digiri shida ka kauce. Ka ɗago shi kafin in yi magana." Ya sa hannu a ƙasan takardar ya cire tabarau. "Litinin ƙarfe takwas. Za ku fara tafiyar sannu da Malama, ka ji yadda jirgi ke yi in gudu ya kusa ƙare masa."

"Litinin?"

"Ko kana da wani aiki?"

"Akwai injin da ke kan tebur, na ce zan..."

"Zai jira ƙarfe tara da rabi."

Kyaftin ya buɗe ƙofa ya sauka ya tafi ofis. Baba Sifana ya kwance bel ya sauko. Da ya taka ƙasa sai ya dafa ƙarfen da ke tallafe da fiffike ya tsaya kamar mai duba wani abu.

Malama na tsaye a bakin rumfa, ta kasa ƙarasowa. Ta juya tafin hannu sama tana tambaya.

"Litinin," ya ce. Ya matso kusa ya sake. "Wai Litinin, ƙarfe takwas."

Ta rufe baki da hannu biyu, ta saki, ta gyara tsayuwa.

"To sai ka karanta babi na goma da na sha ɗaya kafin nan. Shafi arba'in ne, da zane-zane, kuma zan yi tambaya."

"Arba'in? Nan da Litinin?"

"Arba'in da biyu ma."

Ya lalubi aljihun riga ya tabbatar tabaraunsa na karatu na nan.

"Littafin darasin gwaji da aka ba ni a babi na tara ya tsaya, 'yata. Ara min naki."